Rauta biyu a layi ɗaya: waya tana kama Wi-Fi amma babu intanet

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu gida uku ne muke raba layin intanet ɗaya. Babbar rauta (na'urar da ke raba intanet ɗin) tana ƙasa, adireshinta 192.168.1.1. An ja kebul zuwa bene, an soka shi a ramin LAN (ramin haɗa na'urorin cikin gida) na rauta ta biyu, ita ma 192.168.1.1 take nunawa. Wasu wayoyin suna shiga lafiya, wasu kuma su kama Wi-Fi amma shafi ya ƙi buɗewa. Don Allah ina matsalar take?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, rautocin nan biyu rigima suke a kan adireshi ɗaya, kuma kowacce DHCP ɗinta, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, a kunne yake. Duk wayar da ta ɗauki ta bene a matsayin ƙofar fita ta makale, don ita ba ta da hanyar waje.

Cire kebul ɗin tukuna, ka haɗa kwamfuta da ta bene ita kaɗai. Shiga shafin saitinta ta 192.168.1.1, ka mayar da adireshinta 192.168.1.2, gurbin da aka rubuta mask kuma 255.255.255.0, ka ajiye. Sake shiga ta sabon adireshin, sannan ka kashe DHCP. Kada ka fara da kashe shi, kwamfutarka na iya rasa adireshi ka kasa komawa ciki. Daga nan mayar da kebul ramin LAN. A babbar rauta kuma, sa rabon adireshi na DHCP ya fara daga .100 zuwa .199, kada wata rana ta bai wa wata waya .2.

Wata mamba: Akwai wata hanyar: kebul a ramin WAN (ramin da intanet ke shigowa), ta bene ta koma 192.168.2.1, DHCP a kunne. Tana aiki, sai dai na'urorin ƙasa ba za su ga firinta ko kyamarar bene ba. In ba dole ba, ta farkon ta fi.

Mai tambaya: Na gode. Yaya zan tabbatar ya gyaru?

Mai gyaran kwamfuta: A Windows buɗe cmd (wurin rubuta umarni), rubuta ipconfig /release, sai ipconfig /renew. Layin Default Gateway (ƙofar fita) ya kamata ya nuna 192.168.1.1. In adireshinka ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta sami DHCP ba. Duba kan kebul da tsawonsa, kada ya wuce mita 100. Sai ka rubuta ping 192.168.1.1, sannan ping 8.8.8.8, don ganin ko za su amsa. In duka sun amsa amma shafi ya ƙi, matsalar DNS ce (mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi), sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a gurbinsa. Wayoyi kuwa, a goge sunan Wi-Fi ɗin a sake shiga.