Me yasa labarin da ya ƙare da rabuwa yafi zama a rai?

Ummu Hanan:
Salam 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni ga masu karatu da marubutan cikinmu. Ni dai tun ina yarinya nake karance karancen littafan soyayya, na karanta sun fi a ƙirga, amma wlh yanzu in akace in bada labarin guda goma cikin waɗanda suka ƙare da aure da farin ciki bazan iya ba, duk sun cakuɗe min a kai, sunayen ma na manta. Amma wanda aka rabu ko ɗaya ya mutu, har yau ina tuna inda nake zaune lokacin da na rufe shi. Abinda yasa nake tambaya, Yayata ta rasu shekara biyu kenan da wata uku, mu biyu ne kaɗai mata a gidanmu kuma ɗaki ɗaya muka tashi, to tun daga lokacin na kasa karanta irin waɗancan littafan, in na ɗauka sai inji kamar ba da ni ake magana ba. Shine nake tambaya, me yasa labarin rashi yafi kama zuciya? Sannan wai soyayya a rubutu dole sai ta saurayi da budurwa ce? Babu wanda ya rubuta irin abinda nake ji ne?

Ɗalibin Adabi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya yasa ta huta, ke kuma ya ƙara miki haƙuri 'yar uwa. Bari in fara da tambayarki ta biyu dan ita nafi sani. An rubuta, an rubuta sosai ma, har akwai fanni guda a waƙa da ake kira marsiyya, wato waƙar makokin wanda ya rasu, wanda aikinsa kenan. Khansa'u, mawaƙiyar Larabawan nan da ta rayu a jahiliyya kuma ta riski Musulunci, ba waƙar miji ko saurayi ce ta ɗaukaka sunanta ba, kukan ɗan uwanta Sakhr ne da ya rasu sanadin raunin da aka ji masa a wajen yaƙi. Akwai inda take cewa fitowar rana na tuna mata shi, faɗuwarta ma haka, to ki duba fa, abu ne da ke faruwa kullum ba fashi, kenan ba ranar da take samun hutu. Nana Asma'u 'yar Shehu ma ta yiwa ɗan uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta kuma yiwa aminiyarta A'isha. In kika koma baya sosai, labarin Gilgamesh da aka tono a kan allunan yumɓu a ƙasar Iraƙi, tsakiyarsa abota ce, abokinsa Enkidu ya mutu ya ƙi yarda a binne shi kwana shida da dare bakwai har sai da tsutsa ta faɗo daga hancinsa sannan ya yarda. A Ingila kuma Tennyson, abokinsa Hallam ya rasu a 1833, bai fitar da waƙoƙin makokinsa ba sai 1850, shekara 17 yana rubutawa kaɗan kaɗan. To ke da kike shekara biyu kar wani ya ce miki kin daɗe.

Baban Yusra:
Allah ya gafarta mata. Malam ka kawo misalai masu kyau amma ni a tambaya ta farko ina da ja, kuma kuyi haƙuri dani. Gsky ba kowane labari mai mutuwa bane yake da zurfi, wani marubucin in labari ya ƙi masa sai kawai ya kashe yarinyar dan a zubar da hawaye, kuma muna zubarwa ɗin dan dama kowa da nasa ciwon da yake ɓoye. Ko manyan ma ina da magana a kansu. Majnun Laila da Nizami ya tsara da Farisanci a 1188, Ƙais, wato Majnun ɗin, bai taɓa zama da Laila a matsayin mata da miji ba ko na kwana ɗaya, uban ya hana aka aurar da ita ga wani shi kuma ya shiga daji. Romeo da Juliet duk labarin bai kai sati ba kuma yarinyar bata cika 14 ba. Soyayyar da bata ga rashin lafiya ba, bata ga babu ba, bata ga ranar da mutum zai tashi baya son ganin fuskar kowa ba, dole tayi kyau a takarda ai, dan ba'a gwada ta ba. Wanda ya taɓa ni da gaske shine na Mariama Ba 'yar Senegal da ya fito a 1979, mace ce tana cikin takaba take rubutawa ƙawarta doguwar wasiƙa, mijin da ta haifawa 'ya'ya 12 ya auri ƙawar 'yarsu ya juya mata baya sannan ya mutu. Tana jin haushinsa kuma tana kewarsa duk a lokaci ɗaya, bata iya raba biyun ba. Na karanta shi bayan rasuwar mahaifina wanda bamu rabu da daɗi sosai ba, sai da na ajiye littafin na fita waje.

Anti Marubuciya:
Baban Yusra maganarka akwai gaskiya, kashe mutum a labari ba wuya, nima na taɓa yi a farkon rubutuna kuma yanzu bazan sake ba sai da dalili. Amma ƙanwata Ummu Hanan bari in faɗa miki abinda na lura dashi ta wajen mai riƙe da biro. In kana rubuta mutane biyu suna cikin jin daɗi kalmomin da ke zuwa maka kusan iri ɗaya ne da na kowa, ina sonki, kin fi kowa, bazan iya rayuwa babu ke ba, shi yasa suke cakuɗe miki. Amma da zarar ɗaya ya tafi dole ka faɗi ainihin abinda ya ɓata, kuma abinda ya ɓata kullum ƙarami ne kuma na mutum ɗaya ne tak, takalminta da har yanzu ke bakin ƙofa, yadda take tari kafin tayi magana, lambarta da aka kasa gogewa a waya. Mai karatu yana ganin wannan sai nasa mamacin ya faɗo masa, daga nan labarin ya zama nasa, ta ina zai manta? Sai dai bana son a raina masu kyakkyawan ƙarshe, akwai wata da ta turo min saƙo tace tana jinyar mahaifiyarta a asibiti wata huɗu, labarin da aka ƙare da biki ne kawai take iya karantawa da dare dan tasan ba wanda zai mutu a ciki. Kowa da abinda zuciyarsa ke iya ɗauka a lokacin.

Sadiq_K:
Ni dai ba marubuci bane amma inaga harda cewa labarin da ya ƙare da aure an rufe maka shi, ka gama ka tashi. Wanda aka rabu kuwa kai zaka cigaba da ƙarasa shi a ranka, da ace bata tafi ba, da ace ya faɗa mata tun da wuri, haka zakai ta juyawa har shekaru.

Ummu Hanan:
Nagode Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, ameen ga addu'o'inku. Anti wlh maganar lambar waya kamar kin leƙo, tana nan ban goge ba, kuma saƙonta na ƙarshe ba wani abu bane, cewa tayi in taho mata da cajarta na manta ban kai ba. Baban Yusra nima akwai ranakun da nake jin haushinta dan ta ɓoye mana ciwon sai da yayi nisa, ban taɓa faɗawa kowa ba sai yau. Malam dan Allah marsiyyar Nana Asma'u ta A'isha ɗin nan, akwai fassararta da zan iya samu? Da ita nake son farawa.