Ali da Tyson a Fage Ɗaya: Musayar Baitoci

Bazazzagi: Assalamu alaikum. Jiya da dare mun yi musu a majalisarmu har aka watse ba a daidaita ba, a kan wanda zai yi kisa da a ce an haɗa Muhammad Ali na 1967 da Mike Tyson na 1988 a dambe mai turmi goma sha biyar. Na kawo maganar a waƙe, ƙwar biyu ce, amsa-amonta “ba”, kuma ina roƙon kada a sauya shi. Liston da Foreman da zan ambata, gwanayen da Ali ya doke ne.

Bismilla na fara batun dambe,
Na maza, ba wasan yara ba.

Da Ali zai haɗu yau da Tyson,
Da ba a wuce turmi goma ba.

Liston ya zauna kan kujera,
Turmi na bakwai bai fito ba.

A Kinshasa Foreman ya yi ta duka,
Bai san igiya tarko ce ba.

Na takwas ya sha ƙasa warwas,
Ya miƙe, amma bai tsira ba.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam, Kawu. Na gaishe ka da girmamawa, amma girma ba ya hana a gyara lissafi. Ga yadda Tyson ya yi da Berbick da Spinks.

Kawu ka faɗi abin da ka so,
Amma ba ka gama lissafi ba.

Yaro ɗan shekara ashirin,
Berbick bai ga na uku ba.

Berbick ɗin nan shi ya doke Ali,
Wannan kam ba ka ambata ba.

Spinks daƙiƙa casa'in da ɗaya,
Ko gumi bai tsattsafo mai ba.

Mai rawa ya yi rawarsa a fili,
Zaki bai zo kallon rawa ba.

Uwar Biyu: Madalla da ɗan Kano! Baitin rawa da zaki kaɗai ya isa a tashi wasa, domin na daɗe ina faɗa cewa dattawanmu suna son Ali ne saboda sunansa da bakinsa, ba saboda nauyin hannunsa ba.

Bazazzagi: Hajiya, kin shigo da guɗa tun kafin a yi kisa. Shi kuma ɗana ya ɓoye cewa damben Berbick da Ali an yi shi ne a Disambar 1981, lokacin da Ali ya kai shekara 39 kuma jikinsa ya riga ya fara ba shi baya.

Ɗana ka ƙirga shekarun tsoho,
Talatin da tara ba ƙuruciya ba.

Bakano in ya auna ma yadi,
Kar ka tafi ba ka sake awo ba.

Ka tuna Tokyo, ka tuna Douglas,
Wanda ba a zaci zai yi ba.

Gwaninka na lalube a durƙushe,
Robar haƙora bai gani ba.

Cooper ya ka da Ali a Landan,
Na biyar Cooper bai ƙarasa ba.

Naka gwanin in ya sha ƙasa,
Bai taɓa tashi ya ci damben ba.

Ɗan Kwari: Kawu ya ba ni sandar da zan kore shi da ita. Naushin hagu ne ya ka da Ali a hannun Henry Cooper a 1963, naushin hagu ne kuma ya sake ka da shi a turmi na 15 a hannun Joe Frazier a 1971. Frazier gajere ne mai sunkuyowa yana kutsawa, Tyson ma haka, sai dai ya fi shi sauri kuma hannayensa duka biyun suna kisa.

Bazazzagi sarkin dogon zance,
Kunnenka bai ji ƙararrawa ba.

Hagun Frazier ta zaunar da Ali,
Ta Tyson ba ta fi ta taushi ba.

Norton ma ya same shi a fili,
Ya karya masa muƙamuƙi.

Malam Mai Aruli: Ku dakata, jama'a. Mai buɗe fage ya gindaya sharaɗi cewa amsa-amo “ba” ne, sai ga Ɗan Kwari ya rufe baitinsa da “muƙamuƙi”, wato ya karya muƙamuƙin waƙar da hannunsa. Tun a baya ma na yi shiru ne kawai: ɗangon Spinks, idan Bahaushe ya rera shi, Sifinkis zai ce, gaɓoɓin su zama 12, alhali abokin tafiyarsa yana da 9.

Waƙa awo ce, ku riƙe mudu,
Ba tarin suna da shekaru ba.

Ɗan Kwari: Allah ya gafarta Malam, na karɓi laifin muƙamuƙi, amma ban karɓi na Spinks ba, domin ni da gaɓa ɗaya nake furta shi. Kuma me ya sa Malam bai ga inda Kawu ya ce “ba ƙuruciya ba” ya haɗiye “ce” don amsa-amo ya zauna ba? Ko aruli ma ya san ƙofar Zazzau ne?

Malam Mai Aruli: Haɗiye “ce” lalurar waƙa ce, kuma magabata sun yi ta ba a zarge su ba. Sauya babban amsa-amo a tsakiyar waƙa kuwa aibi ne a kowane gari. Idan kana furta Spinks da gaɓa ɗaya, to da bakin wasu kake rerawa.

Uwar Biyu: Malam, amsa-amon “ba” ai shi ne mafi arha a kasuwa, duk wanda ya iya musu ya iya shi. Kawu ya zaɓe shi ne domin sana'arsa ke nan.

Bazazzagi: Hajiya, mai arhar ma ga shi ya gagari ɗan garinku.

Tsohon Soja: Ku yi mini afuwa, sai yau na samu zama bayan kwana biyu, na tarar kun bar dambe kun koma awon gaɓa. Ni ban iya aruli ba, amma na ga kuna rabon gado alhali babban magaji yana waje. Joe Louis ya riƙe kambun ajin masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25.

Ku yara kun manta da Louis,
Wanda bai iya surutu ba.

Schmeling ya doke shi da farko,
A na biyu bai ga turmi na biyu ba.

Na san ɗangon ƙarshen nan yana ɗingishi, kada Malam ya wahalar da kansa.

Malam Mai Aruli: Baba ya amsa laifinsa kafin a tuhume shi, saboda haka na wuce.

Ɗan Kwari: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Louis jarumi ne, amma mutanen wancan zamani ƙanana ne, domin Rocky Marciano da ya doke shi a 1951, wanda ya yi dambe 49 ba a ci shi ba, nauyinsa wajen kilo 85 ne, alhali Tyson Fury, wani ɗan dambe na bayan nan, ya haura kilo 115. Kuma tun shekarun 1980 aka rage damben kambu zuwa turmi 12, don haka ban ga dalilin da Kawu zai dage a kan 15 ba, in ba don ya san gwaninsa sai rana ta yi sanyi yake cin kasuwa ba.

Bazazzagi: Ka ambaci Fury, ka manta wanda ya doke shi sau biyu a Riyad a 2024. Oleksandr Usyk tsawonsa ɗaya da na Ali, kuma da ƙafa da numfashi ya gajiyar da ƙaton, kamar yadda ya yi wa Anthony Joshua sau biyu. Ga mai rawa ya sake cin zaki a zamaninka, a gaban idonka.

Ka ce a rage turmi, na rage ma,
Sha biyu ma ba zai kai ba.

In numfashi ya ƙare wa gwaninka,
Holyfield bai manta ba.

A tanadar wa Ali hular kunne,
Don ba mu yarda da haƙora ba.

Uwar Biyu: Kai, Kawu! Wannan duka ne ƙasa da ɗamara, ko da yake na yi dariya har yara suka leƙo. Cizon da Tyson ya yi wa kunnen Holyfield na 1997 ne, kuma kai da bakinka ka ce Tyson na 1988 za a kawo.

Ɗan Kwari: Hajiya ta riga ni. Ga gyaran baitin da Malam ya kama, sa'an nan ga amsar Kawu.

Norton ma ya same shi a fili,
Muƙamuƙi bai koma lafiya ba.

Ka ware naka a ranar samartaka,
Nawa ba ka ba shi tasa ba.

In tsufa uzuri ne a Zazzau,
Mu ma ba mu rasa namu ba.

Malam Mai Aruli: Amsa-amo ya dawo mazauninsa, na yaba. Sai dai “Muƙamuƙi bai koma lafiya ba” gaɓa 11 ne, ga sassauƙan gaɓoɓi sun taru a farkonsa suna tuntuɓe da juna. Ka sake kawo shi.