Shawarwari kan bututun da ke karkarwa cikin ruwa

Ranar Asabar mun zauna a bakin kogin Gongola, kusa da madatsar Dadin Kowa, mu masu gyaran injin ban-ruwa da wani injiniya da ya taɓa aikin mai a cikin teku. Abin da ya tara mu shi ne bututun da ke karkarwa har ya tsage a wurin walda.

Injiniyan ya ce in ruwa mai gudu ya ci karo da abu mai siffar sanda kamar bututu, sai ya riƙa murɗawa a bayansa, dama da hagu bi da bi, shi ke girgiza bututun. Mai kaurin santimita 10, a ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa, yakan kaɗa kusan sau 2 kowace daƙiƙa, dare da rana, har ƙarfen ya gaji.

Babbar shawararsa ita ce a sa wa bututun riga mai siffar kifi, kai dunƙule, wutsiya siririya, ruwa ya zame ya wuce. Tana rage girgiza da jan ruwa, wato ƙarfin da ruwa ke tura bututun da shi, lokaci guda. Amma dole a bar ta tana juyawa ta bi ruwa. In ciyawa ta maƙale ta a karkace, gara babu ita. Nan ne hankalina ya fi tsayawa, ganin tarkacen da damina ke kawo mana.

Wani dattijo ya ce, "Injiniya, a naɗa masa tsiri kamar zaren noti fa?"

"Yana kashe girgiza, Baba, amma yana ƙara jan ruwa."

Kowa dai ya yarda a fara da ƙara maɗaurai, kada a bar doguwar tazara tana lilo.