Dolby, DTS ko Atmos: Me Kunnuwanku Suka Ji a Falo?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa sifiku biyar da wufa (sifikar sauti mai kauri) ɗaya a falo, kuma amfilifayar, wato na'urar da ke raba wa sifiku sauti, tana karanta Dolby da DTS duka, tsare-tsaren sautin fim guda biyu. Tambayata ga waɗanda suka gwada da kunnensu ce, ba abin da aka rubuta a jikin kwali ba. Da gaske akwai bambanci tsakanin Dolby Digital, DTS, TrueHD da Atmos, ko dai suna ne kawai ake sayar mana?

Mai Tarin Faifai: Wa alaikumus salam. Ni tun zamanin DVD ɗan DTS ne, ban ɓoye ba. Faifai ɗaya, fim ɗaya, in na danna rimot na koma DTS sai in ji falon ya cika, harbin bindiga ya yi nauyi, ganga ta fito fili. Kuma akwai dalili a lissafi: Dolby Digital a DVD ba ya wuce kilobit (ma'aunin yawan bayanan sauti) 448 a daƙiƙa, shi kuwa DTS yana kaiwa kusan 1,500. Wanda ya ninka ɗan'uwansa fiye da sau uku ai dole ya fi shi.

Tsohon Makanikin Sauti: Malam Mai Tarin Faifai, a yi haƙuri, zan ɗan taka maka birki. Lissafinka daidai ne amma bai cika ba. Na farko, yawancin faifan DVD masu DTS rabin wancan adadi suke ɗauka, wajen 768, don a bar wa hoto wuri. Na biyu, hanyoyin biyu ba iri ɗaya suke matse sauti ba, don haka kilobit ɗin wannan ba ya zama ma'aunin na wancan.

Babban abin da ke yaudarar kunne shi ne ƙarfi. Dolby yana tafe da wata lamba a cikinsa mai gaya wa amfilifaya matakin muryar 'yan wasa, kuma a finafinai da yawa wannan lambar tana sa a rage sautin da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 4. DTS galibi ba a rage shi haka. Kunnen ɗan Adam kuwa duk abin da ya ɗan fi ƙarfi sai ya ce shi ya fi daɗi. Na taɓa zaunar da wani abokina da ke rantsuwa da DTS, na daidaita ƙarfin biyun da mita, na juya fuskar amfilifayar don kada ya ga rubutun, na riƙa sauyawa. Wani lokaci ya canka, wani lokaci ya zaɓi Dolby yana cewa "yauwa, ga DTS ɗina nan!" Har yau bai yafe min ba.

Mai Tarin Faifai: Baba, na ji batun ƙarfi, zan gwada. Amma kada ka ce min TrueHD da tsohon Dolby Digital ma ɗaya ne.

Tsohon Makanikin Sauti: A'a, ban ce ba. Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio ba sa zubar da komai. Abin da aka gama haɗawa a situdiyo shi ke fitowa daga faifan Blu-ray. Shi ya sa gardamar wanne ya fi tsakanin su biyun ba ta da tushe, in dai daga uwar sauti ɗaya aka ɗauko su. Tsakaninsu da tsohon Dolby Digital kuwa akwai bambanci, sai dai ba a wurin fashewar bam nake jin sa ba. A wurin shiru nake ji: yayyafi a kan rufin mota, wutsiyar ƙarar kuge kafin ta mutu, amon ɗaki bayan an rufe ƙofa. Idan fanka na juyawa ko yara na kai-komo, wannan bambancin ya tafi.

Uwar Gida Mai Son Kallo: Ni kuwa matsalata ba ta kai nan ba. Mun daɗe muna kallo talabijin na rubuta Atmos, ashe abin da ke isa amfilifaya sauti ne na sifika biyu, ita ce ke baza shi da dabararta. Ƙanena ne ya zo ya duba fuskar na'urar ya ga PCM 2.0, wato sautin sifika biyu kawai. Wayar oftikal ce ta haɗa su, ita kuma iyakarta Dolby Digital da DTS na asali, ba ta ɗaukar TrueHD balle Atmos. Ga shi kuma an bar saitin talabijin a kan PCM. Da aka koma HDMI aka sa talabijin ya miƙa sautin yadda ya zo ba tare da ya taɓa shi ba, ranar na fara jin mota ta wuce ta bayan kujera har na waiwaya. Ɗan'uwa Sabon Shiga, kafin ka shiga gardamar manya, duba abin da amfilifayarka ta rubuta tukuna.

Ɗan Waya: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma HDMI ɗin ma hawa biyu ne. Tsohon hawan, ARC, wato hanyar da talabijin ke tura sauti zuwa amfilifaya ta wayar HDMI, yana iya wuce da Dolby Digital Plus (ƙanen Dolby Digital da aka inganta), har da Atmos ɗin da ke cikinsa a talabijin da yawa, amma TrueHD sai sabon hawan, eARC, wanda ya zo tare da HDMI 2.1 a 2017. Nawa talabijin ɗin ma sam ba ya wuce da DTS, sai da na cire na'urar faifai daga jikinsa na jona ta kai tsaye a amfilifaya.

Mai Sifika a Silin: Bari in sa baki kan Atmos, tunda na yi shi iri biyu. Shi ba sabuwar hanyar matse sauti ba ce. Ya fara a sinima a 2012, ya shigo gidaje a 2014, takwaransa na DTS, wato DTS:X, ya biyo baya a 2015. Abin da ya ƙara shi ne bayanin wuri: wannan ƙarar tana sama ta hagu, tana tafiya baya, sai amfilifaya ta raba ta gwargwadon sifikun da kake da su. A faifai yana hawa kan TrueHD, a intanet kuma kan Dolby Digital Plus wanda aka matse sosai, kilobit 768 ne a Netflix. Suna ɗaya, kaya daban.

Da farko ƙananan sifikun nan masu harba sauti sama ya dawo daga silin na saya. Silin ɗina mai tudu da kwari ne, ga shi da tsawo, sai sautin ya tsaya a gaba kamar an ɗora rediyo a kan kabad. Da na huda silin na dasa guda huɗu, lamarin ya canza. Jirgi mai saukar ungulu yana bi ta kaina sosai. Amma in faɗa muku gaskiya, finafinai da yawa masu tambarin Atmos kusan ba sa aika komai sama. Na sha hawa kujera in kara kunne in ji shiru.

Uwar Gida Mai Son Kallo: To me ya sa fim ɗaya a intanet wufa take yin sanyi, a faifai kuma har gilashin taga yana rawa?

Tsohon Makanikin Sauti: Hajiya, sau da yawa ba matsewar ba ce, haɗin sautin da aka yi a situdiyo ne daban ko matakin ƙarfin. Akan rage tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa saboda masu kallo da sifikar talabijin. Ki duba kuma ko saitin dare yana kunne, shi ma aikinsa ke nan.

Kai kuma Sabon Shiga, ina ka ajiye sifikun baya?

Sabon Shiga: Baba, duka biyar suna jere a kan teburin talabijin. Wayar ba ta kai baya ba.

Tsohon Makanikin Sauti: To ai ka ga inda gizo ke saƙar! Na gaba biyu su buɗe kamar digiri 30 hagu da dama daga inda kake zama, ta tsakiya ta fuskanci kunnenka don ita ke ɗauke da magana, na baya su koma wajen digiri 110, wato gefe da ɗan baya, sama da kunne kaɗan. A saitin amfilifaya ka sa duk sifikun a matsayin ƙanana, ka tura sauti mai kauri, wato abin da ke ƙasa da hertz 80, zuwa wufa. Idan ƙasan tayil ne ka shimfiɗa kafet. Sannan ka kafa makirufon da ya zo cikin kwalin a daidai kan kujera, ka bar na'urar ta auna ɗakin, kowa ya yi shiru.

Mai Tarin Faifai: Na daidaita ƙarfin kamar yadda Baba ya ce. Tazarar ta ragu ƙwarai, amma wallahi har yanzu ina jin gangar DTS ta ɗan fi tauri.

Tsohon Makanikin Sauti: Wa ya riƙe rimot ɗin?

Mai Tarin Faifai: Ni.