Tafiya Kambodiya: ina zan fara gani?

Ɗalibin Tarihi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Aiki zai kai ni Kambodiya na kwana bakwai, ina so in fahimci addinin Buddha na mutanen Khmer, babbar ƙabilar ƙasar. Ina zan dosa?

Malam Mai Yawo: Wa'alaikumus salam ƙanina. Kowa tsohon wurin ibadar nan na Angkor Wat zai ce maka, amma ka sani Sarki Suryavarman na 2 ya gina shi ne a ƙarni na 12 don Vishnu, abin bautar mabiya addinin Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Buddha. In tarihin Buddha kake nema, ka ba wurin ibada na Bayon wuni guda. Sarki Jayavarman na 7 ne ya gina shi, wanda ya hau mulki a 1181, mabiyin ɗarikar Mahayana ta addinin Buddha. Shi ya gina wuraren ibada na Ta Prohm don mahaifiyarsa, Preah Khan don mahaifinsa, ya kuma buɗe asibitoci 102 a faɗin ƙasar.

Hajiya Babba: Ɗana, duwatsu kaɗai ba za su nuna maka mutanen ba. Yau ɗarikar Theravada ta addinin Buddha suke bi, tun kusan ƙarni na 14. Ka fito da sassafe ka ga malamansu cikin tufa ruwan goro suna zagayen karɓar abinci, don ba sa ci bayan rana ta raba. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne tsakanin 1975 da 1979 gwamnatin 'yan gurguzu ta Khmer Rouge ta tuɓe musu tufar, ta kashe da yawa, ta mai da wuraren ibada rumbuna da kurkuku. Duk malamin da ka gani yau, daga wannan tokar aka sake tashi.

Ɗalibin Tarihi: Allah sarki. Hajiya, akwai ladubban shiga?

Hajiya Babba: Ka rufe kafaɗa da gwiwa, ka cire takalmi da hula, kada ka miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin Buddha. Mace kuma ba ta taɓa malami.

Malam Mai Yawo: A Phnom Penh, babban birnin ƙasar, ka leƙa wurin ibada na Wat Ounalom. In tafiyar ta faɗo Satumba ko Oktoba za ka iya riskar Pchum Ben, kwana 15 na kai abinci wuraren ibada don tunawa da magabata.

Yaya Ɗan Kasuwa: Kada ka damu da salla. Musulmin ƙabilar Cham na nan, masallacin Al-Serkal na cikin birnin Phnom Penh, ka tambaye su inda ake samun abincin halal.