Gwajin ANA na ya fito fozitif 1:80, shikenan lupus gare ni?

Uwar Biyu:
Salam jama'a, dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Na daɗe ina fama da ciwon gaɓoɓi, musamman yatsun hannu da safe sai su ƙage ko murfin kwalba ban iya buɗewa, ga kasala kamar an min duka. Likita ya rubuta min gwajin jini wai ANA, rizal ya fito fozitif 1:80, ranar komawa wajensa kuma da saura. Na shiga Google duk inda na taɓa lupus nake gani, cutar nan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, wlh hankalina ya tashi.

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki tukuna. Abin da ANA ke nema shi ne antibodi ɗin da garkuwar jiki ke ƙerawa ta juya kan ƙwayoyin jikin mai ita maimakon cuta, kuma wannan 1:80 ɗin ma'anarsa an tsarma ruwan jininki ninki 80 amma har yanzu ana hango su, to in aka ce 1:640 kin ga an tsarma sosai ba su ɓace ba, shi ya fi ɗaukar hankalin likita. Naki yana can ƙasa-ƙasa. Masu lafiya garau ma yana fito musu, wajen kashi 13 cikin 100 a 1:80, kashi 5 a 1:160, ya fi yawa ga mata da masu shekaru, har magani irin isoniazid na tarin fuka ko hydralazine na hawan jini kan jawo shi. Eh gaskiya ne sama da kashi 95 na masu lupus ANA ɗinsu fozitif ne, amma mafi yawan masu fozitif ba su da lupus, a nan mutane ke rikicewa.

Mai Haƙuri:
Anti ni mai lupus ce, kuma ba da ANA kaɗai aka yanke min ba. Sai da aka haɗa da ƙurajen da suka fito min a kumatu suka haura karan hanci, in na shiga rana su ƙaru, da gyambon baki, da zubewar gashi, sannan aka yi gwajin anti-dsDNA da anti-Sm, antibodi ɗin da suka fi nuna lupus, da C3 da C4, sinadaran garkuwar jiki da kan ragu in cutar ta motsa, aka duba fitsari ko furotin na zuba saboda ƙoda. Yanzu ma in na je dubiya ba a maimaita min ANA, dsDNA da fitsarin ake bi. Ki riƙa ɗaukar hoton duk kumburi ko ƙurjin da ya fito miki, don ranar ganin likita ce suke ɓuya.

Ɗan Lab:
Ni fa wannan ƙagewar yatsun da safe ta fi tsaya min a rai. In tana wuce awa ɗaya kuma hannu biyu ne, ki faɗa wa likitan, wataƙila ya ƙara da gwajin jini na RF da anti-CCP na amosanin gaɓɓai irin rumatoyid, CCP ɗin ya fi nuna ainihin cutar don RF ko ciwon hanta nau'in C yana ɗaga shi. Dan Allah kar ki fara shan prednisolone, maganin nan na rage kumburi, da kanki kafin a gama binciken, zai rufe alamomin likita ya rasa inda zai kama.

Uwar Biyu:
Allah ya saka muku da alheri, na ɗan samu natsuwa. Toh sai an je ba a ci komai ba ake ɗibar jinin? Kuma muna neman ƙarin haihuwa, akwai matsala?

Mai Haƙuri:
A'a Anti, ci abinki ki je. Maganar ciki kuwa ki sanar da likitan tun yanzu, akwai wasu antibodi, anti-Ro da ke iya ratsa mahaifa ya taɓa bugun zuciyar jariri, da antiphospholipid mai kawo daskarewar jini da ɓari, in ya ga da dalili zai sa a duba su kafin ki ɗauka.