Isra'iliyyat: me za mu kira su da Hausa?

Jama'a, a ilimin hadisi mun daɗe da samun kalmominmu. Sahihi muna cewa ingantacce, da'ifi mai rauni, maudu'i ƙagagge, isnadi kuma salsala. Amma da an zo kan ƙissoshin Annabawa sai mu cije a kalma ɗaya, Isra'iliyyat. Mai wa'azi ya faɗe ta da Larabci ya wuce, mai sauraro kuwa hankalinsa ya tafi ƙasar Isra'ila ta yau da labaranta na rediyo.

Abin da malamai ke nufi shi ne labaran da suka shigo tafsiri da tarihi daga Yahudu da Nasara, galibi ta bakin waɗanda suka musulunta daga cikinsu ko suka karanta littattafansu, irin su Ka'abul Ahbar da Wahbu bin Munabbih.

Shawarar da aka fi kawowa ita ce "labaran Bani Isra'ila". Ban karɓa ba. Ƙissar saniya a Suratul Baƙara ai labarin Bani Isra'ila ce, haka tsallake tekun Annabi Musa (AS), kuma duka Alƙur'ani ne, babu mai kiransu Isra'iliyyat. Sannan labaran da muke magana a kansu sun haɗa har da na Annabi Adam da Annabi Nuhu, waɗanda suka riga Bani Isra'ila zuwa duniya.

Wani ɗan uwa ya ce "tatsuniyoyin Yahudawa". Wannan ta fi ta farko haɗari, domin ta yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba. A Bukhari, Abu Huraira ya ce ma'abota Littafi suna karanta Attaura da Ibraniyanci su fassara wa Musulmi da Larabci, sai Manzon Allah (SAW) ya ce kada a gaskata su, kada kuma a ƙaryata su. A wani hadisin na Abdullahi bin Amru an ba da izinin a ba da labari daga Bani Isra'ila, babu laifi. Wanda ya kira abin duka tatsuniya ya ƙaryata ke nan.

Ibnu Taimiyya (ya rasu 728 bayan Hijira) ya kasa Isra'iliyyat uku, almajirinsa Ibnu Kasir (ya rasu 774) ya bi shi a gabatarwar tafsirinsa: wanda abin da ke hannunmu na Alƙur'ani da hadisi ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda aka yi shiru a kansa. Na ukun ne ya fi yawa, kamar sunayen As'habul Kahfi, launin karensu, da icen da aka yi sandar Annabi Musa da shi. Sanin su bai ƙara maka komai a addini. Na biyun kuwa misalinsa Uju bin Unuƙ, wanda aka ce tsawonsa kamu 3,333 da sulusi, wai kuma ya tsira daga ruwan ɗufana. Ibnu Kasir ya rushe shi da hadisin da ya ce tsawon Annabi Adam kamu 60 ne kuma mutane raguwa suke yi tun daga nan. Haka labarin Annabi Dawud (AS) da matar Uriya da ake cusawa a tafsirin Suratu Sad: ya jingina wa Annabin Allah abin da bai dace da shi ba, shi ya sa Ibnu Kasir ya ƙi kawo shi, ya ce a tsaya ga abin da ayoyin suka faɗa.

To, kalmar da muke nema dole ta ɗauki kashi ukun nan duka. Ta faɗi inda labari ya fito, ta bar hukunci ga mai tantancewa. Ni abin da na tsaya a kai shi ne ruwayar aro, jam'i ruwayoyin aro.

Na san za a ce aro ai mayarwa ake yi. Kalmomin aro na harshe wa ya taɓa mayar da su? Ma'anar dai abin ba naka ba ne asali. Kuma kowa ya san zanen aro ba ya rufe katara: a iya kawo ruwayar don ƙarin bayani, amma ba a kafa aƙida ko hukunci da ita.

Akwai wani amfani da na fi so. Sau da yawa za ka ji an ce "ai salsalar ta inganta har zuwa sahabi wane", a ɗauka magana ta ƙare. Ingancin salsala ya nuna cewa ya faɗa, bai nuna daga Annabi ya ji ba. Malaman hadisi suna ba maganar sahabi kan gaibu hukuncin maganar Annabi ne idan ba a san shi da ɗauka daga ma'abota Littafi ba. Abdullahi bin Amru, alal misali, ya samu littattafansu kayan raƙumi biyu a yaƙin Yarmuk, yana ba da labari daga ciki. A nan sai mu iya cewa da Hausa tsantsa: "salsalarta ingantacciya ce, amma ruwayar aro ce", mai sauraro ya gane abubuwa biyu ake aunawa.

Wanda ya ga "ruwayar ma'abota Littafi" ta fi, ba na jayayya da ma'anarta, tsayi ne ya yi mata yawa a bakin mai tafsiri. Malamanmu masu fassara, Allah ya ƙara muku lafiya, ku gwada "ruwayar aro" a jimla, musamman a ƙissar Annabi Ayyub da ta Haruta da Maruta, mu ji ko ta zauna.